Waya biyu ko ɗaya mai linzami: wanne ya fi dacewa da mazaunin Saudiyya?

Duk wanda waya ta fara cinye masa dare, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya ajiye babbar ya koma ƙarama mai tocila. A Kano ko Damagaram shawarar tana iya ɗorewa, don mutum sai ya yi wata da watanni bai nemi wata manhajar gwamnati ba. A Saudiyya kuwa ba ta zuwa ko'ina. Tun da Ma'aikatar Cikin Gida ta buɗe dandalin Absher a 2010, hulɗar mutum da hukuma ke ta komawa cikin waya: wa'adin igama (katin izinin zama na baƙo), bizar fita da dawowa, tarar mota, duk a can ake duba su. Manhajar Tawakkalna ta zo a 2020 saboda korona, korona ta wuce ita ta zauna. Ranar ganin likita a asibitin gwamnati ta Sehhaty ake nema. Shiga Rauda a Masallacin Manzon Allah (SAW) sai da izinin Nusuk. Ga kuma Nafath, wadda in za ka shiga shafin wata hukuma sai a nuna maka lamba, ka buɗe manhajar ka zaɓi irinta, wani lokaci har ka nuna wa kyamara fuskarka. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ƙaramar waya ke iya yi.

Rabuwa da babbar waya kwata-kwata ta fita daga lissafi ke nan. Hanyoyin da suka rage wa mai son ƙwato lokacinsa biyu ne. Ko dai ya riƙe waya biyu, ƙarama a aljihu don kira da saƙo, babbar kuma a ajiye sai lokacin da ya tsayar mata; ko ya zauna da babbar ita kaɗai amma ya sa mata linzami. Na ga masu yin kowanne a nan Madina da Makka da Jidda, na kuma ga inda kowace hanya ke yin kyau da inda take karyewa.

Akwai dalilin da ya sa matsalar ta fi tsanani a kanmu baƙi fiye da 'yan'uwanmu na gida, kuma shi ne ya kamata ya ja zaɓin. Saudiyya tana gaba da Najeriya da Nijar da Kamaru da awa biyu, tana gaba da Sudan da awa ɗaya, Gana kuwa da awa uku. Ƙarfe goma na dare a Kano, lokacin da aka ci tuwo aka baje kolin hira kuma zaurukan WhatsApp suka ɗau zafi, sha biyun dare ne a nan. In hirar ta kai sha ɗaya a can, kai ka shiga ƙarfe ɗaya. A watan Yuni ana kiran Isha'i a Madina wajen tara saura, domin kalandar Ummul Ƙura tana sa ta awa ɗaya da rabi bayan Magariba, sannan a kira Asuba wajen ƙarfe huɗu. Tsakanin kiran biyu awa bakwai ne da 'yan mintuna, kuma likitocin barci suna cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Wanda ya yanki awa uku a ciki ya ba zaure, da wane ƙarfi zai tashi? Ga hutun mako ma bai zo ɗaya ba. Tun 2013 Juma'a da Asabar ake hutu a nan. Ranar Asabar da daddare, da ake shagalin biki a gida hotuna da bidiyo suna ta kwararowa, mu wayewar garinmu Lahadi ce, ranar farko ta dawam, wato zuwa aiki.

Sai kuma kewa, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Mutumin da ya bar mata da 'ya'ya a Zariya, ko uwa tsohuwa a Maraɗi, ba don shashanci yake riƙe waya har tsakar dare ba. Muryar gida yake nema. Sai dai a hanyar zuwa muryar gidan akwai TikTok da Facebook da labarin siyasa da musun malamai, kuma su aka gina don su riƙe mutum. Duk tsarin da bai bar wa zumunci ƙofa ba, ba zai yi sati biyu ba zai rushe, kuma ni ba na ganin laifin wanda ya rushe shi.

Binciken da aka yi a kan batun ya fi goyon bayan nesanta jiki da waya. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Amurka da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai kusan 800 da aikin da ke buƙatar tattara hankali. Wasu wayarsu tana kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban. Waɗanda wayarsu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari. Wasu masu bincike da suka maimaita gwajin daga baya ba su sami bambanci mai ƙarfi haka ba, don haka kada a ɗauke shi hukuncin ƙarshe. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya a Irvine ta daɗe tana auna tsawon zaman hankalin mutum a kan abu ɗaya a allo: a 2004 wajen minti biyu da rabi ne, a 'yan shekarun nan ya dawo daƙiƙa 47. Wanda ya taɓa ƙoƙarin haddace shafi da waya a gefensa bai buƙatar a fassara masa wannan lamba.

Bari mu fara da waya biyu, don ita ta fi tsauri kuma ita aka fi yi wa bahaguwar fahimta.

Akwai wani dattijo tela a wajen Sharar Mansur a Makka da na daɗe ina kai wa ɗinki. Ƙaramar wayarsa tana rataye da igiya a jikin ƙusa kusa da keken ɗinki, babbar kuma tana cikin durowa ƙarƙashin guntayen yadi. Awon mutane a littafi yake rubutawa da biro, kowa da shafinsa. Babbar wayar sau biyu yake ciro ta, bayan Azahar da bayan Isha'i, ya duba hotunan da masu ɗinki suka turo, ya amsa da saƙon murya, ya mayar da ita ya rufe durowar. Na ce masa, "Baba, in mai kaya ya turo hoto da safe yana sauri fa?" Bai ɗago kai daga yankan da yake yi ba ya ce, "Ɗana, hoton yana nan ba ya zuwa ko'ina. Amma in na yanka ba daidai ba, yadin mutane ya tafi. Mai sauri ya san lambata, ya kira."

Ƙarfin wannan hanya shi ne ba ta jingina da ƙarfin zuciya ba. Abin da ba ya aljihunka ba za ka ciro shi a layin biyan kuɗi ba, ko a cikin bas, ko tsakanin kiran salla da tada iƙama. Batirin ƙarama yana kwana da kwanaki bai nemi caji ba, in ta faɗi a ɗauka a ci gaba, kuma kuɗinta ko kusa bai kai tarar riƙe waya a lokacin tuƙi ba, wadda ke tsakanin riyal 500 zuwa 900. Da yawansu suna ɗaukar layi biyu, wanda ke da amfani sosai ga baƙo: layin nan a gefe ɗaya, layin gida a ɗaya gefen don saƙonnin bankin Najeriya ko Nijar. A riƙa tunawa dai da layin gidan ana ɗan amfani da shi, domin wanda ya daɗe a kwance kamfani yana iya rufe shi.

Inda mafi yawan mutane ke tuntuɓe shi ne tambayar da ba su yi wa kansu ba tun farko: wane layi zai shiga wace waya? Lambar da ka yi rajista da ita a Absher da banki, ita ake turo wa lambar sirri ta saƙon tes duk lokacin da za ka shiga ko za ka sayi abu ta intanet. Ita ce kuma kafili (wanda igamarka ke ƙarƙashinsa) da abokan aiki suka sani. In ka sa ta a ƙarama, kira da saƙon tes duk suna tare da kai, babbar kuma ta koma kayan gida da ke aiki da Wi-Fi kaɗai. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tafiya a kanta ba tare da layi a ciki ba, tunda an riga an tabbatar da lambar. Wannan shi ne tsarin da ya fi tsafta, kuma shi nake ba da shawara. Cikas ɗinsa shi ne ranar da ka fita da babbar don wata buƙata, babu data a cikinta. Masu gyara wannan suna sayen layi na biyu na data kaɗai, wanda shi ma sai an yi masa rajista da igama da zanen yatsa, ga kuma kuɗin wata-wata da ya ƙaru. Sannan da zarar babbar ta sami data, fita da ita ya zama da sauƙi. Yau ka ce saboda taswira, gobe saboda tikitin jirgin ƙasa na Haramain, jibi ba ka ma nemi dalili ba, sai ga ka da waya biyu a aljihu biyu kana shafa babbar yadda ka saba.

Wanda zai bar babbar a gida sai ya riƙe abin da take maye gurbinsa. Katin igama na hannu, tunda kwafin da ke Absher ba ya tare da kai. Katin banki na roba, wanda ake kira mada a nan, tunda biya ta hanyar kara waya a na'ura ya tsaya. Ɗan kuɗi a hannu. In sabon wuri za ka, ka duba hanya tun daga gida ka rubuta. In akwai izinin Rauda ko alƙawarin asibiti ko zuwa banki, ranar ta babbar waya ce, ka ɗauke ta ba tare da jin ka karya doka ba. Wahalar ta fi fitowa a abin ba-zata: an kira ka daga wajen aiki ana son ka amince da wani abu ta Nafath yanzu-yanzu, kai kuma kana can wani gefen gari. A irin wannan rana za ka ji haushin tsarin, kuma haushin yana kan hanya.

Akwai wata illa da masu yabon waya biyu ba sa faɗa. Wanda ya yini bai taɓa babbar ba yakan dawo mata da daddare da yunwa. Saƙonni sun taru, zauruka sun cika, ga kuma lokacin ya yi daidai da tashin hirar gida. Sai ranar ta gyaru dare ya lalace, alhali dare ne asalin abin da ake kuka da shi. Dattijon nan na Makka ya tsira daga wannan ne saboda babbar wayarsa a shago take kwana. Wanda tasa za ta kwana a gefen katifa, waya biyu ba ta yi masa maganin komai ba sai ƙarin caja.

Waya ɗaya mai linzami ba ta buƙatar sayen komai, kuma duk abin hukuma da na aiki yana hannunka ko'ina kake. Kayan aikin suna cikin wayar tun 2018, shekarar da Apple ya fito da Screen Time, Google kuma ya fito da Digital Wellbeing. Dukkansu suna nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja, suna kuma ba ka damar ƙayyade mata lokaci. Kafin ka yanke kowace shawara, buɗe wannan shafin ka dubi makon da ya wuce. Mutane da yawa suna zaton WhatsApp ne ke cinye su, sai su tarar da gajerun bidiyo ne. Wasu kuma akasin haka. Maganin biyun ba ɗaya ba ne.

Ƙayyade lokaci shi ne abin da kowa ke fara yi, kuma shi ne mafi rauni. A iPhone in lokacin ya cika, allon da ya tare ka da kansa yake tambayar ko a ƙara maka minti ɗaya, ko a tuna maka bayan minti 15, ko a ƙyale ka na yau. A Android kana iya shiga saiti ka cire iyakar cikin ƙiftawar ido. Ƙarfe ɗayan dare, mutum a gajiye, ba ya cin wannan jarrabawa. Abin da ke ba shi haƙora a iPhone shi ne lambar sirrin Screen Time, in ka bar wani amintacce ya sa ta ba tare da ka gani ba: abokin ɗaki, ko matarka, ko ƙaninka. Jin nauyin zuwa ka ce "buɗe mini" ya fi kowace manhaja tsare mutum.

Abin da ya fi ƙayyadewa aiki shi ne gogewa. Cire TikTok da Facebook da Instagram da Snapchat daga wayar gaba ɗaya. Asusunka yana nan bai mutu ba, kana iya leƙawa ta kwamfuta ko ta burauza ranar hutu, kuma wahalar shigar da kanta tana rage yawan zuwa. Bayan haka sai sanarwa: a kashe ta kowace manhaja sai kira, saƙon tes, banki, Absher, Nafath da ta wajen aiki. A WhatsApp a rufe bakin kowane zaure har abada, a tura waɗanda ba na dole ba ma'ajiya don kada su riƙa hawowa sama, a kuma hana hoto da bidiyo sauka da kansu, wanda zai rage maka cin data da cikar waya. Mayar da allo baƙi da fari yana rage armashin bidiyo, wasu yana yi musu aiki sosai, wasu kuma idonsu ya saba cikin 'yan kwanaki. A gwada, ba ya cin ko halala, kobon Saudiyya.

Duk da haka akwai wurin da waya ɗaya ba ta iya tsare kanta. Ka zauna a Harami tsakanin Magariba da Isha'i ka lura da sahun da ke gabanka. Ga matashi ya buɗe Alƙur'ani a waya, leɓɓansa suna motsi, yatsansa yana juya shafi. Sai wani ɗan saƙo ya leƙo daga saman allon. Ya share shi da babban yatsa ya ci gaba. Na biyu ya leƙo, ya tsaya ya karanta layin farko. A na uku ya taɓa, shafin ya ɓace, koren WhatsApp ya cika allon, leɓɓan suka daina motsi. A gabansa kaɗan ga kanta cike da mus'hafin da Cibiyar Sarki Fahad ke bugawa a nan Madina tun 1984, shafi 604, layi 15 a kowane shafi, wanda babu abin da zai leƙo daga samansa. Ga mai hadda ma takardar ta fi, domin ido yana riƙe gurbin aya a shafi, kuma mus'hafi ɗaya da ka saba da shi yana taimakon tilawa. Wannan bai shafi wace hanya ka zaɓa ba: abin da takarda za ta iya ɗauka, kamar karatu, jerin ayyukan yini, lissafin bashi da awon ɗinki, a mayar mata da shi.

Haka ma agogon tashi. Muddin waya ce ke tashin ka Asuba, dole ta kwana kusa da kanka, kuma ita ce abu na ƙarshe da za ka gani kafin barci. Ɗan agogo mai ƙararrawa daga shagunan kayan arha ya isa ya raba wannan. Caja kuma ta koma falo ko kicin, ko aƙalla lungun ɗakin da sai ka miƙe tsaye za ka kai gare shi. A masaukin ɗalibai ko ɗakin ma'aikata da mutum huɗu ko shida ke kwana, babu wani ɗaki daban, sai dai kabad mai makulli ko cikin akwati.

To wa ya dace da wacce? Direba, da mai kai saƙon abinci ta manhajoji irin su HungerStation ko Jahez, da duk wanda shugabansa ke ba da umarni ta WhatsApp, ba su da zaɓi: wayar ita ce wurin aikin. Su yi linzami mai tsauri, su goge kayan shagala, su sami abin maƙala waya a mota don kada kyamarar Saher mai sa ido a kan tituna ta kama su da ita a hannu. Ɗan kasuwar da ke tura kaya Kano ko Yamai, yana ciniki da hoto da saƙon murya, shi ma haka. In ya ga hirar gida tana cuɗanya da ta ciniki, ya raba su da WhatsApp Business a lamba daban, ya rufe ta kasuwa in ya rufe shago. Mai zuwa Umara ko Hajji na 'yan makonni kada ma ya fara tunanin waya biyu, domin Nusuk da taswira da lambar jagora duk yana buƙatarsu a jikinsa. Shi ya goge kayan shagalar tun kafin ya hau jirgi.

Ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura a Makka shi ne wanda waya biyu ta fi yi wa rana. Yininsa a tsare yake: aji da safe, halƙa a Harami da yamma, bita da daddare. Littattafan da yake nema a Shamila, manhajar da ta tara littattafan Larabci, ya fi kyau ya buɗe su a kwamfuta. Sanarwar aji da ke zuwa ta zaure ba ta cika zama ta gaggawar minti ba, dubawa bayan Azahar da bayan Isha'i ya wadatar, in kuma an sauya ɗakin darasi aboki ɗaya zai iya kiransa. Shekarun karatun nan ƙididdigaggu ne, kuma samun zama gaban malamai a wannan masallaci abu ne da dubban mutane suka nema ba su samu ba. Ina jin ciwon ganin an kashe su a kallon bidiyon da ko a gida za a iya kallo. Masu sana'ar hannu da ke zaune wuri ɗaya, tela, makaniki, mai aski, mai girki, su ma hanyar dattijon nan ta dace da su.

Uwar gida mai 'ya'ya a makaranta tana tsakiya. Saƙon malamai da Madrasati, dandalin makarantu, da alƙawarin rigakafi duk ta babbar waya suke zuwa, amma tunda yawancin yininta a gida ne, tana iya ware wa wayar wuri guda, kan firji ko kan kanta, ta bar ta a can da ƙarar kira a buɗe. Ta sami amfanin waya biyu ke nan ba tare da ta sayi ta biyu ba, yaran kuma suna ganin waya tana da wurin zama. 'Yar'uwar da ke aiki a gidan mutane kuwa, wadda sau da yawa wayar nan ita kaɗai ce hanyarta zuwa ga danginta da kuma neman taimako in wani abu ya taso, ba zan taɓa ce mata ta nesanta da ita ba. Ta rage zauruka don ta sami barci, amma wayar ta zauna a jikinta da caji.

Kowace ka ɗauka, sai ka sanar da gida, in ba haka ba shirunka zai zama abin zargi ko abin tsoro. Wani ƙanena da ke karatu a nan ya kira mahaifiyarsa a gabana ya ce, "Umma, daga takwas na wajenku ba za ki ƙara ganina a WhatsApp ba, goma ta yi a nan. Kullum bayan La'asar ɗinku zan kira ki. In wani abu ya taso da dare, Yaya ya buga mini a layi kai tsaye, yana kunne." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Dama ina ganin ka a farke tsakar dare, ban dai yi magana ba ne." La'asar ɗin Kano tana faɗowa wajen ƙarfe shida na yamma a nan, lokacin da yawancin mutane sun tashi daga aiki kuma dare bai yi ba. Kira ɗaya tsayayye a irin wannan lokaci ya fi gamsar da tsohuwa fiye da ganin ɗanta a kan layi dare da rana bai ce mata komai ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ka fara da waya ɗaya, don ba ta cin kuɗi kuma ba ta hana ka komai na hukuma. Amma ka yi ta da gaske: gogewa, kashe sanarwa, agogo daban, caja nesa da shimfiɗa, lokacin kiran gida tsayayye. Bayan sati biyu ka sake buɗe shafin ƙididdigar. In awannin sun sauka kuma kana tashi Asuba ba da kyar ba, ka tsaya a nan. In ka tarar ka sake sauke abin da ka goge, ko ka koma kallonsa ta burauza har dare ya raba, to ƙarfin zuciya kaɗai ba zai fitar da kai ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, don kamfanonin da suka gina manhajojin da hankalinka suke cin abinci. Ka sayi ƙaramar, ka sa mata babban layinka, ka nema wa babbar wurin kwana da ba ɗakin barcinka ba.

In za ka saya, nemi mai 4G, irin su Nokia 105 4G ko 110 4G, domin kamfanonin waya a ƙasashe da dama suna rufe tsofaffin hanyoyin sadarwa, kuma tsohuwar da ka taho da ita daga gida tana iya kasa kama layi yadda ya kamata. Ka sa layinka a cikinta tun a shagon, ka yi kira, ka nemi Absher ko banki su turo lambar sirri ka ga ta shigo. Ka duba tana nuna rubutun Larabci daidai, tunda saƙonnin hukuma da yawa da shi suke zuwa. Lambobin da ke babbar wayarka a asusun Google ko iCloud suke, ba za su bi layin ba, don haka ka zauna ka shigar da na dole da hannu: gida, kafili ko shugaban aiki, maƙwabci, abokin da zai iya zuwa in an kira shi, da 997 na motar asibiti.